Madarar Masu Walda

Shagon waldar mahaifina ƙofa biyu gare shi. Ɗaya tana kallon titi, ɗaya tana buɗewa cikin tsakar gidanmu a unguwar Maamobi. Asalinsa ɗakin haya ne, Baba ya fasa bangon gaba, ya sa ƙofar da ya ƙera da hannunsa, ya jawo wuta. Ƙarafunan taga yake yi, da ƙofofi, da kurfoti na girki da gawayi, da teburan 'yan kasuwa. Idan ka bi lungunan Nima har Kotobabi kana duba tagogin mutane ba za ka rasa aikinsa ba, don akwai wata lanƙwasa da yake yi wa ƙarfe a tsakiya, wadda shi kaɗai yake ganin ado ce. Kowa Masta yake ce masa, har limamin unguwa, har mahaifiyata.

Ita kuma Mma muke ce mata. 'Yar ƙabilar Kotokoli ce haihuwar Nima, Hausarta irin ta Zango wadda ba ruwanta da mace ko namiji, kowa "ka" ne. Baba kuwa jikan fataken goro ne daga ƙasar Zazzau, kuma bai taɓa bari wani ya manta da haka ba. Ya yi ta gyara mata magana har ya gaji, ita ko a jikinta.

A shagon akwai dokar da ba a karyawa: duk wanda ya yi walda a ranar, sai ya sha madarar gwangwani kafin magariba. Miliki muke ce mata. Ba a cikin shayi ba, ba a cikin koko ba, tsurarta. Mma ce take sayowa, ta goge saman gwangwanin da gefen zaninta, ta huda shi wuri biyu da ƙusa, ta miƙa ta ƙofar tsakar gida. Baba ya ɗaga kai ya zuƙe, ya yi gyatsa, ya gode wa Allah. Bayanin shi ne hayaƙin walda yana manne wa mutum a ƙirji, madara kuma tana wanke shi. Haka mastansa ya koya masa a unguwar Tudu, shi ma haka nasa ya koya masa.

Kuma yana da hujja. Ranar da ya haɗa bututu mai farin shafe, irin na ruwa, hayaƙin yakan fito fari fat. Da yamma sai jikinsa ya ɗauki zafi, haƙora suna kaɗawa, bakinsa yana ɗanɗanon ƙarfe. Ya sha madara, ya lulluɓa, washegari ya tashi garau. Sai da na girma na ji cewa wannan zazzaɓin da kansa yake sauka, ko madara aka sha ko ruwan famfo. Amma wa zai tari Masta da wannan magana, mutumin da ya gwada a jikinsa?

Mu yara rabonmu gwangwanin ne bayan an shanye, mu zuba ruwa mu girgiza mu yi faɗa a kai. Mma ko wannan ba ta samu. Ba wanda ya hana ta, ba kuma wanda ya taɓa tayi mata. Madara ta masu aikin ƙarfe ce, ita kuwa ba aikin ƙarfe take yi ba, shara kawai take yi.

Kullum bayan sallar asuba, kafin Baba ya dawo daga masallaci da hirar da ke biyo bayan masallaci, sai ta ɗauki tsintsiya ta shiga shago. Tsakar gida takan yayyafa masa ruwa kafin shara, kamar kowace mace. A shago kuwa Baba ya hana. Akwai wayoyin wuta a ƙasa, wasu da leda aka naɗe su, ga shi ruwa yana sa ƙarfe tsatsa. Don haka a bushe take share shi. Ƙofar titi a rufe take barinta, saboda maƙwabciyarmu tana kafa tukunyar koko da kaskon ƙosai daidai bakin shagon, layin masu saye har kan kwalbati, kuma Baba ya ce ba mutunci ba ne ka tura wa mutane ƙura cikin karin kumallonsu. Ƙofar tsakar gida ma takan jawo ta, saboda shanya da kwanuka da mu. Kowace ƙofa da dalilinta mai kyau na zama a rufe.

Abin da take sharewa ba ƙasa ba ce. Wani baƙin gari ne mai ƙyalli da injin goge ƙarfe ke fesarwa yini guda, haɗe da tokar hayaƙin da ta kwanta a kan benci da bango. Idan ta tara sai ta zuba a wani tsohon tire ta bakace, yadda ake yi wa shinkafa, guntayen ƙarfe da ƙarshen tsinken walda su tsaya, garin ya tashi. Guntayen takan ajiye su a bokitin fenti saboda masu sayen tsohon ƙarfe da ke yawo da amalanke. Ta iya bakace ƙwarai. Na sha leƙawa ina kallon hasken da ke shigowa ta hudojin kwano, ƙurar tana yawo a ciki, ita tana tsaye a tsakiya tana 'yar waƙarta ta hanci. Idan ta fito ta fyace majina, baƙa ce wuluk. Sai ta nuna mini tana dariya.

"Ka gani, Mamana? Ya fita."

Sunan mahaifiyarta aka sa mini, shi ya sa take kirana haka.

Na yi karatu, na zama malamar firamare a Kotobabi, na yi aure na koma Kokomlemle. 'Yan uwana suka watse, kowa da inda abinci ya kai shi. Shago yana nan, madara tana nan, tsintsiya tana nan. An sake injin walda, an sake mita, ba a sake mai shara ba.

Faɗanta ne ya fara gajarta. Mma mace ce mai dogon faɗa, idan ta fara da kai a kan kofin da ka bari a bakin famfo, sai ta kai ka har ranar sunanka. Sai na lura tana farawa ta tsaya a tsakiya, ta kaɗa hannu, ta bar sauran. Na ɗauka tsufa ne ya kawo haƙuri. Daga baya ta daina zuwa kasuwar Nima ranar Laraba, ta ce cunkoso ya yi yawa. Sai ta koma sallah a zaune, ta ce gwiwa. Tarin kuwa busasshe ne, ƙarami, irin wanda mutanen gida suke sabawa da shi har su daina ji.

Unguwa ba ta rasa likitoci. Wata ta ce sanyin fanka ne, aka kashe fanka. Wata ta ce asma, aka kawo abin shaƙa na aro. An dafa citta da kanumfari, an sha zuma, an sha rubutu, an shafa man zafi har ɗakin ya gagari shiga. Da aka fara raɗe-raɗin tarin fuka, wasu maƙwabta suka daina aiko yara karɓar wuta. An yi gwajin, ba shi ba ne. A ƙarshe aka tura mu wani babban asibiti da hoton ƙirji a cikin doguwar ambulan ta takarda, ni da ita da Baba, wanda ya sa babbar rigar Juma'a ranar da ba Juma'a ba.

Likitar mace ce, ba ta jin Hausa. Turancin Baba na awon ƙarfe ne, don haka ni ce tafinta. Ta ɗaga hoton ta daɗe tana dubawa, sannan ta tambaya wane aiki Mma take yi, ko ta taɓa zama kusa da wurin fasa dutse ko haƙar zinariya.

Baba ya gyara zama. "Gaya mata ba ta taɓa aiki ba. Tun da na aure ta ban bari ta fita neman komai ba."

Da alfahari ya faɗa, kuma a saninsa gaskiya ya faɗa. Na fassara yadda ya ce. Likitar ta sake duban hoton, sai ta juyar da kujerarta ta fuskanci Mma, ta koma yaren Twi, wanda Mma ta iya fiye da mu duka.

"Maame, idan kin tashi da safe me kike fara yi?"

Mma ta ce sallah.

"Sai me?"

Ta ce shara.

"Sharar ina?"

Ta ce shago. Likitar ta ce wane irin shago, kuma daga nan ba a ƙara bukatata ba sai can. Mma ta ba da labarin tsintsiya da tire da ƙofofi a hankali, tana hutawa tsakanin kalmomi, har tana ɗan nuna yadda ake bakacen da hannu. Ta ma ambaci baƙar majinar, don a san abin yana fita.

Likitar ba ta yi mana rantsuwa ba. Ta ce hayaƙin gawayin girki ma yana da nasa kason, kuma ba wanda zai iya raba wannan da wancan a yanzu. Amma ta ce abin da hanci yake tarewa manyan ne. Akwai garin da ya fi wannan laushi nesa ba kusa ba, wanda ido ba ya gani, shi ne yake wucewa can ƙasan huhu inda tari ba ya kaiwa, ya zauna, naman wurin ya yi tabo ya taurare. Tabon ba ya gogewa. Abin da ya rage shi ne kada a ƙara, a riƙa yayyafa ruwa ana buɗe ƙofa idan za a share shago, a kuma sauƙaƙa mata numfashi gwargwadon iko.

Na mayar wa Baba da wannan duka. Ya ce, "Tambaye ta, ni da nake cikin hayaƙin tun ina saurayi, me ya sa ba ni ba?"

Ta ce shi ma ya kamata a duba shi. Ta ce jiki ya bambanta, kuma shi yana aiki ne ƙofa a wangale, iska tana wucewa.

"Gaya mata ina shan madara."

Likitar ta yi ɗan murmushi, da alama ba shi ne mai waldar farko da ta gani ba. Ta ɗora yatsa a maƙogwaronta ta ce a nan hanya take rabuwa, madara ta tafi ciki, ƙura ta tafi huhu, ba sa haɗuwa. Ban rage komai ba wajen fassara. Baba ya gyaɗa kai, irin gyaɗawar da yake yi wa mai kawo aiki idan ya fara koya masa ƙarfe.

A tasi muka komo. Da muka sauka a bakin lungu Baba ya ce mu yi gaba. Muna shiga gida sai ga shi da gwangwani biyu a hannu. Ya nemi ƙusa da kansa, ya huda ɗaya a karkace, madarar ta tsarto masa a babbar riga. Ya miƙa wa Mma.

Ni ba ni da haƙuri, wannan kowa ya sani, a wajenta na gado. Na ce, "Baba, ba ka ji abin da likita ta ce ba?"

"Na ji."

"To wannan na mene ne?"

"Ni ina sha, ga ni. Ita ba ta sha, ga ta. Wane karatu ne ya rage?"

Na yi ta zuba, a kan ruwa, a kan ƙofa, a kan tire, har matan gidan haya suka leƙo. Baba bai janye gwangwanin ba. Yana tsaye yana kallon Mma har ta kai gwangwanin baki.

Ban da madarar, ba abin da ya ƙi. Aka mayar da Mma ɗakin da ya fi nisa da shago, aka toshe ƙofar tsakar gida da bulo. Washegari shi ya ɗauki tsintsiya. Ya kashe wuta daga mita, ya rataye wayoyi a ƙusa, ya yayyafa ruwa, ƙarfe kuma bai mutu ba. Ya je wajen mai koko yana ta kame-kame, yana neman afuwa cewa daga yau zai riƙa buɗe ƙofar titi da safe. Ta ce, "Yoo, Masta," ta ja teburinta gefe kaɗan, ta ci gaba da juya ƙosai. Iyakar abin da ya ci ke nan. Ina tsaye a wurin, kuma ban taɓa jin baƙin ciki irin na wannan safiyar ba, har ranar rasuwar ma ban ji kamarsa ba.

Daga nan kullum kafin magariba sai ya kawo mata gwangwaninta. Ya koyi hudawa daidai. Yakan zauna a bakin gado ya jira, don ba ta iya zuƙewa a tashi ɗaya, sai ta kurɓa ta huta, ta kurɓa ta huta. Wata rana bayan ya fita masallaci na ɗauke gwangwanin ina mita, ina cewa cikinta kawai yake kumbura mata a banza. Ta kama bakin mayafina.

"Mamana, bar shi. Ni ba yaro ba ne, na san miliki ba ya zuwa ƙirji." Ta huta. "Tun da na shigo gidan nan ni ne nake huda, ni ne nake miƙa. Yanzu shi ya huda ya kawo. Ka bar ni in sha."

Na mayar mata. Ta kurɓa, ta yamutsa fuska.

"Ashe ma ba daɗi koraa, ko kaɗan. Wannan ne muke ba shi duk shekarun nan?"

Ta so ta yi dariya, tari ya karɓe.

An kawo tukunyar iska daga baya, da ɗan bututu a hanci. Ta yi ta raguwa kaɗan-kaɗan, hankalinta kuwa daram, tana sanin wanda ya zo gaisuwa da wanda ya aiko kawai. Ta rasu da damina, bayan azahar, ana yayyafi. Na daɗe ina jin haushin Baba. Idan na zo gidan ta lungun baya nake shiga don kada in ga shagon.

Shi kuwa bai yarda an duba shi ba har yau. Yana tari da safe, idanunsa sun yi rauni, amma yana hawa tudun Nima da ƙafarsa. Masu waldar unguwa da shi suke kafa misali: dubi Masta, madara ce. Ya kuma ɗauki wata sabuwar hidima. Duk shagon da ya wuce sai ya tsaya ya tambayi wa yake share musu, ya ce a yayyafa ruwa, a buɗe ƙofa, kuma a sayi gwangwani biyu, ɗaya na mai shara. Biyun farko daga likita ya ɗauka. Na ukun nasa ne, kuma shi ya fi dagewa a kai.

Kwanakin baya ina cikin trotro, motar hayarmu, na karanta wani bayani a waya. Wai akwai wani inji da ake ƙoƙarin ginawa a wasu ƙasashe, wanda zai samar da lantarki ta hanyar da rana take samar da zafinta. Zafin cikinsa yana cin bangon ƙarfen da ya kewaye shi, yana mayar da shi gari mai laushin da ido ba ya gani. Masana kuma suna nan suna binciken abin da wannan garin zai yi wa huhun wanda ya shaƙa, musamman waɗanda za su riƙa buɗe injin don gyara da tsaftacewa. Injin ko kwan fitila bai fara kunna wa kowa a gida ba, amma an riga an fara tunanin ƙirjin mai share shi. Ban ji haushinsu ba, daidai suka yi. Na dai karanta wurin sau biyu, har na wuce inda zan sauka.

Ranar Juma'ar da ta biyo baya na je Maamobi, na shiga ta ƙofar titi. Baba ya gama gyaran ƙafar wani kurfoti, yana zaune a benci. Na taya shi kwashe kaya, na rataye masa wayoyi. Na yi niyyar ba shi labarin injin, don yana son labarin inji. Kafin in fara ya ciro gwangwani daga aljihu, ya goge samansa da gefen riga, ya huda. Ya sha rabi, ya tsaya yana juya shi a hannu.

"Gwangwani ɗaya fa," ya ce. "Kullum ta hannunta yake wucewa. Ko sau ɗaya ban ce ta kurɓa ba."

Amsar tana bakina. Na san ta, na fassara ta da kaina a gaban likita: ko kwali guda ta sha, ba abin da zai canja. Sai na duba abin da zai rage masa idan na ƙwace wannan. Shagon zai rage, da ruwan da ya hana a yayyafa, da ƙofar da ya ce a rufe. Ya zaɓi laifin da zai iya ɗauka, ni kuma ban ga wanda zan ba shi a madadinsa da ya fi sauƙi ba.

Na ce, "Allah ya jiƙanta."

Ya ce amin. Sannan ya dubi hannuwana da suka yi baƙi da ƙurar wayoyi, ya miƙo mini sauran.

"Ke ma kin shiga shago yau. Sha."

Na karɓa na shanye. Gaskiyar Mma ce, ba daɗi.